Ɗakin Kwanon da Na Gina wa Baffa

Kwana uku aka yi ana zaman makokin Baffa a ƙofar gida, kuma da wuya a ce akwai wanda ya zo ya tafi bai yaba ɗakin ba. Mutum zai durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, sai ka ga ya ɗaga kai ya dubi rufin kwanon da ke ƙyalli ta saman katanga, sannan ya dube ni. Wani dattijo da ya zo tun daga Gwiwa a bayan acaɓa ya kama hannuna ya ƙi saki.

"Kai dai ka gama naka," in ji shi. "Ka fitar da shi kunya. Ya cika a ɗakin siminti kamar wani mai gari. Allah ya ba ka masu yi maka."

Na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka kuka ne ya zo mini. Ba kuka ba ne. So nake in tashi in bar wurin, amma ɗan mamaci ba ya barin tabarmar makoki don an yabe shi.

A cikin gida mata na ta nasu. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ita yanzu ba ta san wanda zai kawo mata itace in sanyi ya shigo ba, ta faɗa ta sake faɗa har aka shiga ba ta haƙuri. Samarin da suka haƙa kabarin kuwa tun ranar farko suka ba ni tausayi. Sun zo zaurenmu ɗaukar diga da shebur kamar kullum, suka tsaya cirko-cirko suna jiran wanda zai ce musu ga inda za a haƙa, ga tsawon da za a yi. Sai can ɗayansu ya tuna cewa mai faɗar haka shi ne ke kwance a ciki.

Baffa yayan mahaifina ne. Shi da matarsa, wadda nake kira Inna, suka riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, bayan rasuwar mahaifina, a ƙauyenmu da ke ƙasar Roni. 'Ya'yansu mata ne, duk suna gidajen aurensu, ni ne namijin gidan. Yanzu ina koyarwa a Kazaure. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don irin aikin da ya yi ba a rubuta shi a ko'ina, kuma don tun da aka binne shi na kasa zama wuri ɗaya. Amma abin da ya hana ni sakat a kwanakin makokin ba Baffa ba ne, shi ya riga ya tafi. Inna ce. Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ta shimfiɗa tabarmarta a cikin ɗakin nan da ake ta yabo, ta ce nan ya bar ta, nan za ta zauna. Muna tsakiyar bazara, ko alamar hadari babu a gabas. Ni kuwa na riga na san abin da ɗakin yake yi wa tsoho da azahar.

Makarar garinmu a zaurenmu take tun kafin a haife ni. Ba sarauta ba ce, ba kuma wanda ya naɗa kowa. Kakanmu ne ya ajiye ta, Baffa ya gada tare da diga biyu da shebur da karan da ake auna mamaci da shi. In aka yi rasuwa, ƙofarmu ake fara bugawa kafin ta liman. Saboda haka ya san mutuwa ta wata fuska da likita bai san ta ba, ya san ta da tsawon rami da kuma watan da aka haƙa shi. Bai yi boko ba, ba ya rubuta komai, amma in ka zaga maƙabarta da shi zai nuna maka da baki, ya ce wannan layin na ƙanana duk na sanyin shekarar da rijiyar masallaci ta rufta ne, waɗancan dogayen biyu ma a sanyin suka tafi, mako ɗaya tsakaninsu. Ina yaro na ɗauka a kowane gida irin hirar da ake yi ke nan.

Abin da ya riƙe shekara da shekaru shi ne, sanyi ne maƙiyi. Ya ce sanyi rago ne, ba ya kokawa da mai ƙarfi, mutum biyu yake nema: wanda bai daɗe da zuwa duniya ba, da wanda ya kusa barinta. Jariri ya tashi da majina, gobe numfashi ya riƙa fita da ƙyar, haƙarƙari na shiga yana fita, jibi a zo ɗaukar shebur. Ko makara ba a buƙata, a hannu ake kai shi. Tsoho kuma ya yi alwalar asuba da ruwan randa, ya dawo da tari, tarin ya sauka ƙirji, shi ke nan. Mu na tsakiya, in ji shi, sai dai mu yi mura mu fyace hanci mu wuce.

Tun ana girbi yake tara kara da itace a bayan gida, tsibi guda da ba a taɓawa ko da tuwo zai ƙi nuna. Inna ta sha yin mita a kan tsibin nan, ta ce ita kaɗai ce matar da ke yawon neman makamashi alhali itace ya fi rumbu tsawo a gidan mijinta. Shi sai ya yi kamar bai ji ba, ya tafi ya yi wa shanunsa biyu magana da ɗan guntun Fillancin da ya rage masa. Da sanyi ya kama sai ya fara zagaye da hantsi, ɗauri guda a ka: gidan mai jego, gidan tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi cin rani, gidan makahon da ke bakin kasuwa. Ba ya ajiyewa ya tafi. Sai ya leƙa ya ga inda aka sa kaskon wuta, ya tabbatar an bar wata kafa da hayaƙi zai fita, don ya taɓa haƙa wa uwa da ɗanta rami rana ɗaya saboda garwashi a rufaffen ɗaki. In ya ga jariri ba hula, uwar za ta sha faɗa ko 'yar wane ne. Ni kaina na sha nawa, don har na shiga sakandare ba na fita da asuba sai ya taɓa wuyana ya ji riga nawa na sa.

Sai da na girma Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a Babura, ta gaya mini dalili. Kafin a kawo ni gidan, Inna ta haifi tagwaye maza a tsakiyar sanyi. Ɗaya ya yi kwana goma sha ɗaya, ɗayan ya ƙara kwana huɗu a kai. Baffa da kansa ya haƙa duka biyun, bai bar kowa ya taɓa digar ba. Ban taɓa jin ya ambace su ba, kuma a duk zagayen da muka yi a maƙabarta akwai wata kusurwa da ba ya nuna mini komai a cikinta.

Rigimarsa da wanzami har yau ana ba da labarinta. 'Yarsa ta fari ta zo gida wankan jego, suna ya faɗo a ranar da sanyi ke sa haƙora kaɗawa. Dangin miji suka iso da sassafe da wanzaminsu, suna sauri a yi askin suna su koma su ci kasuwa. Wanzami ya baje kayansa a tsakar gida, ya jiƙa sabulu da ruwan da ya kwana a waje, aka miƙo jaririya an tuɓe mata hula. Baffa ya fito daga zaure ya karɓe ta daga hannun ungozoma, ya cusa ta cikin babbar rigarsa, ya koma ya zauna. Ya ce ba aski sai rana ta sauko tsakar gida. Wanzami ya ce shi shekara talatin yana aske jarirai, bai taɓa kashe ko ɗaya ba.

"Kai kana askewa ka tafi," in ji Baffa. "Ni ake kira bayan kwana uku."

Surukai suka yi fushi, uban mijin ya ce an wulaƙanta su, ya hau kekensa ya tafi ko goro bai ɗauka ba. Shekara biyu suka yi ba sa gaisawa sai a filin Idi. Jaririyar nan yanzu tana da 'ya'ya uku, kuma ita ta fi kowa kuka ranar jana'iza.

Zafi kuwa a da raina shi yake yi. In muka yi ƙorafin rana sai ya ce mu sha ruwa mu nemi inuwa, rana ba ta taɓa hana kowa numfashi ba. Ya yarda bazara na zuwa da sanƙarau da ƙyanda, ya san shekarun da ya haƙa ramuka masu matsakaicin tsawo, na 'yan shekara bakwai zuwa samari. Amma a wurinsa wannan annoba ce, ba laifin rana ba. Iyakarsa ya hana a cunkushe yara a ɗaki ɗaya, ya ce a fito da su tsakar gida su sha iska.

A 'yan shekarun nan ne ya fara sauya magana. Na lura ya daina yi wa rana dariya. Wata bazara ya ce mini lissafinsa ya rikice, watan da a da diga ke yin tsatsa a zaure yanzu ba ta hutawa. Tsofaffi ne suka fi yawa, waɗanda ba su yi wani ciwo ba, an gan su da safe suna jan carbi, da la'asar a ce sun tafi. Sai jarirai masu gudawa, da ke bushewa a bayan uwa kafin a isa asibitin Roni. Abin da ya fi ɗaure masa kai, har mu na tsakiya da sanyi ke tsallakewa zafi ya fara taɓawa. Wani ɗan acaɓa ƙaƙƙarfa ya yanke jiki ya faɗi a hanyar Yankwashi, wani mai sharar gona kuma aka tsince shi a gindin gawo, fartanyarsa na gefe.

"Sanyi yana sallama, Ma'aikaci," ya ce mini. "Zai aiko tari, ya ba ka kwana uku ka yi dabara. Wannan kuwa sai dai ka tarar da shi ya riga ya shigo."

Ma'aikaci yake kirana tun ranar da na fara aiki, rabi tsokana rabi alfahari.

Daga nan ya kafa wata doka da ta jawo masa baƙin jini. In aka yi jana'iza da rana tsaka a bazara, da an sallaci gawa sai ya tsaya a bakin hanya ya tare sa'o'insa, ya ce duk mai furfura ya koma inuwa, samari su kai. Tsofaffi suka ce zai hana su lada. Ya ce gara su rasa ladan raka ɗaya da a dawo a ɗauki na biyu, shi ya gaji. Da ya kora su sai ya bi makarar da kansa, da furfurarsa, don wai sai ya ga yadda aka jera itace a kabari. Da azumi ya riƙa faɗowa cikin zafi kuma, ya bi gida-gida yana lallashin tsofaffi da masu ciwon suga su ajiye su ciyar, har ya ja liman ya faɗa a masallaci. Shi kuwa ko ɗaya bai sha ba. Na ce masa, Baffa, kai fa? Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce shi tsofaffi yake nufi. A lokacin ya haura tamanin, a lissafin Gwaggo.

Yanzu sai maganar ɗakin, wadda nake ta kewaye-kewaye don kada in iso gare ta.

Ɗakin Baffa na asali soro ne na ƙasa, kakanmu ya gina, bango mai kauri, rufin azara da ƙasa a kai, ƙofa ƙarama sai ka sunkuya. Duhu gare shi, kuma kowace shekara sai an yi masa yaɓe kafin damina. Ni kunyarsa nake ji, gaskiyar ke nan. Abokan aikina in sun rako ni gaisuwar sallah sai in tsayar da su a zaure. A garin duk wanda ɗansa ke aikin gwamnati an yi masa ɗakin bulo, har an fara cewa wane ya manta da wanda ya riƙe shi. Bara waccan na tashi na gina. Bulo, siminti, sabon kwano, ƙofar ƙarfe, taga ɗaya ta ƙarfe. Silin ne na ce sai baɗi, baɗin da bai zo ba. Don a sami fili aka sare darbejiyar da ke tsakar gida, kuma ni na ce a sare.

Ranar da aka gama, Baffa ya shiga ya shafa bango, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon kwanon. Ya sa mini albarka. Abu ɗaya ya roƙa, kada a rushe soron. Na ce to, ina dariya a raina, na ɗauka irin son tsohon abu ne na tsofaffi. A ranar ya kwashe kayansa ya koma sabon ɗaki, don a garinmu ɗa ba ya yi maka gini ka ƙi shiga. Ƙin shiga zagi ne, kuma gari zai ji.

Sanyin farko ya ba shi wuya, don kwano da siminti ba sa riƙe ɗumi. Na ji yana tari, na tuna duk abin da ya koya mini, na rugo da barguna biyu masu nauyi daga kasuwar Kazaure, da darduma, na liƙe kafofin taga da tsumma. Na koma ina jin na yi abin kirki. Ko sau ɗaya ban tsaya a ɗakin da azahar a bazara ba. Ni da yamma nake zuwa ranar Asabar, in tarar da shi a zaure yana fifita.

Ashe ya yi wa kansa dabara. Da rana ta fara zafi sai ya ce wa Inna za shi duba hatsi, ya shige soro, ya shimfiɗa buzu a gefen buhunan da ke ciki, ba ya fitowa sai la'asar. Kullum sai an duba hatsin nan. Duk gidan sun sani, ba wanda ya gaya mini, shi ya hana.

Kakar da ta wuce na sami gero da gyaɗa fiye da yadda na saba a gonar da nake nomawa a can, ga kuma takin zamani da na tanada da wuri. Na cika soron da su har bakin ƙofa. Aka ce ana 'yan sace-sace a garin, sai na sa kwaɗo, na jefa makullin a aljihu na tafi da shi Kazaure. Baffa na tsaye lokacin da nake kullewa.

"Har da kwaɗo, Ma'aikaci?"

Na ce ai saboda ɓarayi ne. Ya ce haka ne, an gode. Wannan "an gode" ita ce ke tashina tsaye daga kan kujera in ina duba takardun yara, sai in ga ina zagaya ɗaki ban san abin da nake nema ba.

Ya kai azumin bana cif, ya fito a rame. Bayan sallah ƙafafunsa suka kumbura, suka ƙi kai shi ko zaure, sai ya zama a ɗaki yake yini. Kwana tara bayan sallah, ranar da kaji ma suka buɗe baki suka shige ƙarƙashin rumbu, Inna ta kai masa kunu da hantsi ya kurɓi kaɗan, ta ba shi ruwa ya ce ba ya jin ƙishirwa. Wajen azahar ya fara magana ba kan gado, jikinsa na karkarwa. Kafin la'asar ya cika. Ina Kazaure aka bugo mini waya.

Akwai wani ma'aikacin lafiya ɗan garinmu da ke aiki a Roni, shi aka ɗauko a kan babur, ya iso Baffa na da sauran numfashi kaɗan. Bayan an dawo daga maƙabarta ya ja ni gefe. Ya ce lokaci na Allah ne, amma ni mai ilimi ne, gara in sani. Ya ce da ya shiga ɗakin sai da ya ja da baya, ya taɓa Baffa ya ji jikin da zafi ƙwarai kuma a bushe, ko ɗigon gumi babu. Ya ce jikin tsoho ba ya gumi kamar namu, ba ya kuma jin ƙishirwa sai abu ya yi nisa, zuciya ce ke ta aiki har ta gaji, jariri ma kusan haka yake. Sannan ya rage murya ya ce ya tarar da taga a rufe, an lulluɓe Baffa da barguna biyu. Inna ta ga yana karkarwa, ta yi abin da mijinta ya shekara hamsin yana koya wa gari. Ya ce kada in gaya mata. Na ce ko da wasa. Ya ce amma in fitar da ita daga ɗakin nan, don ita ma ba yarinya ba ce.

Na gwada ta kowace hanya ban da ta gaskiya. Na ce mata za a sa silin, ta ɗan koma wani wuri, ta ce a bari sai ta fita takaba. Na kawo liman ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi mata bayani cewa takaba a gidan miji ake yi, ba a ce lallai sai ɗakin da ya cika ba. Ta ce ta ji, Allah ya saka da alheri, ba ta motsa ba. Gwaggo kuma ta tsaya mata, ta ce haka iyayenmu suka yi, mai takaba ba ta yawon ɗakuna, in ajiye bokona a Kazaure. Ta ƙara da cewa wa zai bar ɗaki mai kyau irin wannan ya koma ramin ƙasa, ko so nake a ce mun kore ta tun ba a yi bakwai ba? Na ji haushin Gwaggo, na fi jin haushin kaina, don hujjar da na gina ɗakin a kanta ce take mayar mini. Na koma Kazaure na yi kwana biyu, abinci ya ƙi shiga. Da rana ta take sai in fita in tsaya a cikinta, in duba agogo, in ce yanzu kwanon ya fara ƙara.

Ranar sadakar bakwai na zo da makulli. Da aka watse da hantsi na buɗe soron, sanyin ƙasa ya bugi fuskata, na ga buzunsa a naɗe a bayan ƙofa inda ya bar shi. Ban kira kowa ba. Na dinga jan buhunan ɗaya bayan ɗaya ina zubarwa a tsakar gida, gero da gyaɗa da taki, Gwaggo na bina tana tambaya ko na sami taɓin hankali ne. Na share, na yayyafa ruwa, na kawo randa na girke na cika. Da aka idar da azahar na nufi ɗakin kwano.

Inna na zaune a kan tabarma a tsakiyar ɗakin, cikin zane da mayafin takabarta, carbi a hannu. Ta rame, leɓunanta sun tsage. Kwanon sama na ƙara ƙas-ƙas. Kofin ruwan da aka ajiye mata tun safe yana nan cike, na taɓa shi na ji ya yi ɗumi kamar na wanka. Na durƙusa a gabanta.

"Inna, ɗakin nan ne ya kashe Baffa. Ni na gina shi, ni na sa aka sare itacen, ni na kulle masa soro na tafi da makulli. Ki yafe mini, ki tashi mu fita."

Ta ci gaba da jan carbinta. Na yi tsammanin za ta ce lokaci ne, kamar kowa.

"Kana tsammani ban sani ba?" in ji ta. "Da yaron nan na asibiti ya shigo, na ga yadda ya fizge bargon ya yar. Ba sai an gaya mini ba. Kai ka gina, amma ba ka nan. Ni ina nan. Da hannuna na rufe taga, na lulluɓe shi, yana turewa ina mayarwa."

Na ce ba ta sani ba ne, abin da ya koya mata ta yi. Ta ce ta san wannan ma. Ta ce ba don al'ada take zaune ba, Gwaggo ce ke ta wannan zancen.

"So nake in ji abin da ya ji. In Allah ya sa na kai ƙarshen kwanakin, to. In ban kai ba, ai ba nisa."

Duk abin da na shirya a hanya bai da amfani, kuma tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da aka bugo mini waya. Sai na cire hula, na tura ƙofar ƙarfen na sa sakata, na zauna a ƙasa kusa da ita na jingina da bango. Bangon ya ƙona mini baya ta cikin riga. Na ce to, tunda mu biyu muka yi, mu biyu za mu zauna. Ba zan koma Kazaure ba, ba kuma zan sha ruwa ba sai ta sha. Ta ce in daina shirme. Na gyara zama.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Gumi ya jiƙa rigata har ya fara ɗiga a siminti, kaina ya fara sarawa, iskar da nake shaƙa ta ƙi isa ƙirji. Gwaggo ta buga ƙofa ta gaji. Inna na satar kallona ta gefen mayafi, carbin ya rage gudu, can ya tsaya. Ta miƙo hannu ta taɓa goshina. Hannun nata a bushe yake, da zafi.

"Tashi," ta ce. "Shi ban iya na hana ba, amma kai ba za ka mutu a gabana ba. Ɗauki tabarmar."

Ta yunƙura ta kasa, sai da na kama ta. Muka ratsa tsakar gida a hankali ta tsakanin buhuna, Gwaggo na tsaye tana kallonmu. A bakin soron Inna ta sunkuya ta shiga, na shimfiɗa mata tabarma ta zauna tana mayar da numfashi. Na ɗebo ruwa a moɗa na miƙa mata. Ta ce in fara sha. Sai da ta ga na sha rabi sannan ta karɓa da hannu biyu ta shanye, ta miƙo a ƙaro. Ta goge bakinta da gefen mayafi.

"Allah ya jiƙan Baffanka," ta ce, "ya yafe mana, ni da kai."